Daren Yanke Wutsiya

Motar da na shiga a Unguwa Uku ta sauke ni a Kawo da la'asar sakaliya. Hazo ya lulluɓe gari, masu Keke Napep suna ta kiran Mando da Kasuwa da Unguwar Rimi a ƙarƙashin gadar sama, masu rake da masu awara sun jeru a bakin titi. Duk wanda ya shigo Kaduna daga Zariya, Kawo ce ke fara yi masa sannu da zuwa. Haka ta yi mini shekara talatin da 'yan kai da suka wuce, ranar da mahaifina ya sauko da ni daga mota da akwatin ƙarfe da bokiti da lauje, zai kai ni makarantar kwana. Shekarata goma sha ɗaya a lokacin.

Makarantar ce ta sake dawo da ni, ko da yake ba zan kama sunanta ba. Sabon shugabanta ya kafa doka cewa daga yanzu babu ɗalibin da zai ƙara sa wani ɗalibi gwale-gwale ko ya ɗaga masa bel, komai girman ajinsa. Ya kuma soke daren yanke wutsiya. Nan take ƙungiyarmu ta tsofaffin ɗalibai ta dare gida biyu. Wasu suka ce a kai ƙararsa ma'aikatar ilimi kafin ya kashe tarbiyyar da aka gada, wasu suka ce a tashi takanas a je a gode masa. Aka sa taro ranar Asabar. Na ce wa editana zan je in ji da kunnena, in kuma biya ta wasu wurare kafin ranar.

Ga wanda bai yi makarantar kwana ba, ga yadda abin yake. A wurin siniyoyi ɗan aji ɗaya dabba ne mai wutsiya, da ita ya zo daga ƙauyensu, ko da kuwa daga unguwar masu hannu da shuni aka kawo shi a mota mai sanyi. Shekara guda zai yi yana ɗebo wa siniya ruwan wanka, yana wanke masa kwano da safa, yana miƙa masa yankan naman da ke cikin miyarsa in an ci sa'a akwai. A daren ƙarshe na zango na uku sai a tara su bayan an kashe fitila, a ɗaura wa kowa tsumma a ƙugu, a sa su zagaye ɗakin kwana da tsallen kwaɗo, a ba su ruwan gishiri su shanye, sannan su bi ta tsakanin layi biyu na masu bel. Wanda ya kai ƙarshen layi a yanke masa tsumman. Daga ranar ya zama mutum.

A Unguwar Dosa na sauka, gidan yayata. Autanta ya dawo hutun zangon farko daga wata makarantar kwana, karon farko ke nan da ya taɓa barin gida. Bayan sallar isha'i ta kira ni tsakar gida ta rage murya.

“Ka lura da yadda yake cin abinci? Kamar za a ƙwace. Jiya na tarar da biredi a ƙarƙashin filonsa. Kuma ka duba gwiwoyinsa, duk sun yi kanta.”

Na kira shi na zaunar da shi kusa da ni a kan tabarma. Na ce, “Yarona, wa yake sa ka durƙuso a kan tsakuwa?”

“Ba kowa, Kawu.”

Na ce masa ni ma na yi makarantar kwana, na san hawa babur, na san kamun kunne, na san kwana a ƙarƙashin gadon siniya. Sai ya ɗago ya dube ni, ya ɗan saki jiki.

“To ai ka sani, Kawu, haka ake yi. Saura shekara uku in shiga aji huɗu. Ni ma zan samu nawa yaran.”

Babu fushi a muryarsa. Ya faɗa ne kamar mai lissafin watan da zai kwashi adashi. Yaya ta juya ta shige ɗaki. Ni kuwa daren nan barci ya ƙaurace mini, domin na san wannan adashin. Na zuba, kuma da zagayen ya zo kaina na kwasa. Akwai wani mutum a garin nan da ke ɗauke da tabon hannuna a saman girarsa ta hagu, na kuma san rumfar da yake zama a kasuwa. Sau nawa ina shigowa Kaduna ina kauce wa layin.

Da sassafe ranar Juma'a na nufi Mando. Arewacin Kaduna gari ne na kaki. Hedikwatar Runduna ta Ɗaya tana Kawo, sansanin sojojin sama yana kan hanyar Mando, makarantar horar da hafsoshi ta NDA da aka kafa a 1964 tsohon mazauninta yana barikin Ribadu, sabon kuma yana Afaka a kan hanyar filin jirgi. Yaron da ya tashi a waɗannan unguwanni ya ga kurata suna gudun safiya suna waƙa tun kafin ya iya karatu, kuma duk hujjar da na taɓa ji ta masu kare duka a makaranta daga bariki ake aro ta. Shi ya sa na nemi soja.

Na same shi a teburin mai shayi kusa da shataletale, tsohon saje manja ne da ya yi shekaru yana horar da sababbin shiga. Kowa a wurin Baba Soja yake ce masa. Da na gaya masa abin da ke tafe da ni sai ya ajiye kofi.

“Ɗana, horo daban, mugunta daban. In na sa kurtu ya yi birgima a cikin taɓo, ina da suna, ina da lamba, akwai ofisa a kaina. Akwai likita a bariki. Akwai lokacin da za a busa usur a ce ya isa. Kuma na san abin da nake shirya shi ya tara, harsashi ne. To yaron aji shida fa, me yake shirya ɗan mutane ya tara? Jarrabawar lissafi?”

Na ce, “Baba, amma ai an ce ko a bariki akwai na bayan an kashe fitila.”

Ya yi shiru na ɗan lokaci. Ya ce akwai, ba zai yi mini ƙarya ba. Ya ga wanda mari ɗaya ya kashe masa kunne, kuma wanda ya mare shi ba malaminsa ba ne, wani ne da ya riga shi shiga da wata shida. “Wancan bai ƙara wa kowa jarumta ba. Abin da ya koya wa yaran shi ne ɓoye magana. Kuma sojan da ya saba ɓoye wa na gaba da shi gaskiya, ranar yaƙi shi zai ja a kashe mutane.”

Mai shayin ne ya tuna mana da abin da ya faru a nan kusa. A watan Yunin 2024 jaridu suka ruwaito mutuwar wani ɗalibi a makarantar sakandaren sojojin sama ta Kaduna, ana zargin wasu ɗalibai biyu na ajin ƙarshe ne suka sa shi horo, rundunar kuma ta fitar da sanarwa cewa ta fara bincike. Ya ce a makon nan babu zancen da ake yi a teburinsa sai shi, iyaye suna ta rantsuwa za su cire 'ya'yansu daga makarantun kwana. Da hutu ya ƙare kowa ya sake ɗaura wa ɗansa akwati.

Na yi sallar Juma'a a masallacin Sultan Bello, daga nan na taka zuwa Gidan Arewa da ke titin Rabah, gidan da Sardauna ya zauna, wanda yanzu cibiyar binciken tarihi ce. Ina tsaye gaban tsofaffin hotuna ina tunanin inda wannan al'ada ta samo tushe. Turawa sun kafa Kwalejin Katsina a 1921, inda su Ahmadu Bello da Abubakar Tafawa Ɓalewa suka yi karatu. A 1938 aka dawo da ita nan Kaduna, a 1949 aka mai da ita Zariya, ita ce Barewa ta yau. A kan tsarin makarantun 'ya'yan manya na Ingila aka gina makarantun kwananmu: rabon ɗalibai gida-gida, naɗa firfet, wasanni da yamma, har da wasan buga ƙwallo a bango da tafin hannu da Sardauna ya shahara da so, wanda daga makarantar Eton ya zo. A can Eton da Rugby da ire-irensu akwai daɗaɗɗiyar al'ada ta ƙaramin ɗalibi ya zama baran babba, ya goge masa takalmi ya dafa masa shayi, babban kuma yana da ikon zane shi. Sunan da suke kiran ƙaramin da shi, fag, har yau ana kiran 'yan aji ɗaya da shi a wasu makarantunmu. Su da suka ƙirƙiro ta sun watsar da ita a shekarun 1970 da 1980. Mu muna nan muna kiranta gadon iyaye.

Amma zalunci ne in ɗora wa Bature duka kayan. Irin ya faɗa a ƙasa mai dausayi. A tsangaya akwai ƙolo, akwai titibiri, akwai gardi, kuma duk ƙolon da ya yi zaman tsangaya ya san nauyin dorinar gardi. Mu ne masu cewa laifin babba rowa, laifin yaro ƙiwuya. Girmama na gaba abu ne mai kyau da muka tashi a kai, ina kuma alfahari da shi. Sai dai a gida girman yana tafe da ɗawainiya. Yayan da ya aike ka shi ne zai tare maka faɗa a waje, uwa kuma tana tsakar gida tana ji. A ɗakin kwanan makaranta an ɗauki girman an bar ɗawainiyar, an kuma rufe ƙofa.

Da yamma na haɗu da wani abokina, malamin ilimin halayyar ɗan Adam, a wani gidan abinci da ke titin Tafawa Ɓalewa, daf da ƙofar Jami'ar Jihar Kaduna wadda aka kafa a 2004. Ɗalibai suna ta shige da fice. Na ce masa, “Dakta, mutanenmu suna cewa ƙungiyar asiri a jami'a matsalar Kudu ce, mu Allah ya raba mu da ita.”

Ya ce in fara tuna yadda aka soma a can ɗin. A 1952 Wole Soyinka da abokansa shida suka kafa ƙungiyar Pyrates a Kwalejin Jami'a ta Ibadan, kuma babu makami a cikin tafiyarsu. Samari ne da ke adawa da ƙabilanci da kwaikwayon Turawa da girman kan 'ya'yan masu hali. Daga baya aka yi ta ɓallewa ana kafa sababbi: Buccaneers a 1972, Black Axe a Jami'ar Benin a 1977, Vikings a Fatakwal a farkon shekarun 1980, har mata suka kafa nasu. Kowace sabuwa tana son ta nuna ta fi ta baya wuyar shiga, sai daren rantsarwa ya koma daji, ya koma duka da sanduna da tsaga jiki da shan abin da ba a san mene ne ba. Ranar 10 ga Yulin 1999 'yan ƙungiyar asiri suka shiga ɗakin kwanan ɗalibai a Jami'ar Obafemi Awolowo ta Ile-Ife da asuba, suka kashe ɗalibai biyar, cikinsu har da sakataren ƙungiyar ɗalibai.

“Yanzu ka gaya mini,” in ji shi, “yaron da ya yi shekara shida yana koyon cewa hanyar zama mutum ita ce a dake ka ka yi shiru, sannan ka daki wani shi ma ya yi shiru, in ya shigo jami'a wani ya ce masa zo mu ba ka kariya amma sai ka sha wuya dare ɗaya, me zai zame masa baƙo? In ma bai zo jami'a ba, 'yan shara na nan a unguwa, 'yan daba na Kano, 'yan kalare na Gombe. Darasin farko an riga an koya masa kyauta.”

Ya ce abin bai tsaya a kanmu ba. A jami'o'in Amurka akwai ƙungiyoyin zumunta na ɗalibai, na maza daban na mata daban, masu sunayen haruffan Girka, da gidajensu da rajistarsu, ba a ɓoye suke ba. 'Ya'yan manya ke shiga, daga cikinsu ake samun sanatoci da shugabannin kamfanoni. Duk da haka wahalar da sabon shiga ta daɗe tana cin rayuka a can. A watan Fabrairun 2017, a Jami'ar Jihar Pennsylvania, an ɗura wa wani saurayi ɗan shekara 19 giya a daren karɓarsa, ya faɗo daga bene, waɗanda yake son su kira shi ɗan'uwa suka bar shi kwance kusan awa goma sha biyu kafin su nemi taimako. Ya mutu. Jihar ta tsaurara dokarta a 2018, kuma a watan Disambar 2024 Shugaba Biden ya sa hannu a kan dokar tarayya da ta tilasta wa jami'o'i su riƙa bayyana irin waɗannan laifuka a rahotonsu na shekara, su kuma wallafa sunayen ƙungiyoyin da aka kama.

Na tambaye shi abin da ya fi ɗaure mini kai. Me ya sa waɗanda suka fi shan wuya su ne suka fi kare abin? Ya ce an gwada wannan tun 1959. Wasu masana biyu, Elliot Aronson da Judson Mills, suka gayyaci ɗalibai mata shiga wani zauren tattaunawa. Wasu aka bar su suka shiga cikin sauƙi, wasu sai da aka sa su karanta kalmomin kunya da ƙarfi. Daga nan aka kunna wa kowa tattaunawa ɗaya da aka shirya ta da gangan ta zama maras armashi. Waɗanda suka sha kunya kafin shiga su ne suka fi yaba ta. Zuciya ba ta yarda ta ce na sha wuya a banza, sai ta ƙara wa abin daraja don wuyar ta samu ma'ana.

Wata ɗalibarsa da ke teburin kusa ta nemi izini ta sa baki. Ta yi makarantar kwana ta 'yan mata. Ta ce, “Malam, namu ba ya barin tabo a jiki sosai, shi ya sa ba a maganarsa. Za a sa ki yi wa siniya fifita har ta yi barci, in kika yi gyangyaɗi a watsa miki ruwa. In kika kai ƙara a hana kowa yi miki magana, ko ƙawarki ta gari ɗaya. Na yi mako biyu babu wanda ya amsa sallamata. Wallahi da duka aka yi mini ya fi sauƙi.” Ta ce abin da ya cece ta wata 'yar aji biyar ce da ta ɗauke ta 'yar ɗaki, ta hana a taɓa ta. Na riƙe wannan, domin shi ma gaskiya ne game da makarantar kwana. A cikin ɗakin da ake zalunci ake samun mai tsaya maka.

Ranar Asabar da hantsi muka taru a wani zaure a Unguwar Rimi. Ba mu kai mutum tamanin ba. Aka yi addu'a, aka gaisa da sunayen da muka raɗa wa juna tun muna yara, aka yi dariyar gabza da wake mai ƙwari. Sannan aka shiga magana.

Wanda ya fara tashi tsohon babban sakatare ne, dattijo mai kwarjini da ya riga mu fita da shekaru da yawa. Ya ce, “Ku dubi ɗakin nan. Likitoci, alƙalai, kanar-kanar. Wa ya mai da mu haka? Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Na zo makarantar nan ban iya wanke rigata ba, siniyana ya koya mini da bel, yau ina yi masa addu'a. Yaran yanzu an bar su da waya, ba su san gaba da gabanta ba. In aka ƙwace bulala daga hannun firfet, wa zai tashe su sallar asuba?”

Aka tafa masa sosai, kuma ban ga laifin masu tafin ba, da zuciya ɗaya yake magana. Amma ina zaune ina ƙirga waɗanda ba sa cikin ɗakin. A ajinmu akwai yaron da ya tsallake katanga a aji biyu bai sake dawowa ba. Akwai wanda fitsarin kwance ya kama shi saboda tsoron fita da dare, aka yi ta yi masa waƙa har iyayensa suka ɗauke shi. Irin waɗannan ba sa zuwa taron tsofaffin ɗalibai, ba su da katin ƙungiya, babu mai tambayarsu ko bel ya mai da su mutane. Mu da muka tsira muka taru muna ba juna shaida.

Wani lauya ya tashi ya tuna wa taron cewa Jihar Kaduna tana da dokar kare haƙƙin yara tun 2018, kuma duka sunansa duka ko wane ne ya yi. Aka saurare shi, amma maganar doka ba ta motsa kowa ba. Wanda ya sa zauren ya yi tsit wani likitan dabbobi ne, Bafillace, da ya biyo bayanmu da shekara biyu.

Ya ce, “Ranka ya daɗe, ni na yi sharo kafin in gama sakandare, ga tabon a haƙarƙarina. Ban zo kare sharo ba, ta raunata mutane, malamai ma sun yi magana a kanta. Amma ku ji yadda take. Da ƙafarka kake shiga fili. Sa'anka ne zai dake ka, ba wanda ya girme ka da shekara biyar ba. Da rana ake yi, a gaban iyayenka da dukan jama'ar kasuwa, akwai manya masu rabawa. Kuma in ya zuba maka, ranar ramuwa shi ɗin dai za ka zuba wa. Bashi yana komawa kan wanda ya ci shi. A makaranta fa? Wanda ya dake ni ya gama ya tafi jami'a. Ni kuma na juya na karɓi bashina a hannun yaron da lokacin da ake dukana yana firamare, bai san ni ba, bai ci mini komai ba. Ku gaya mini a wace shari'a ake haka.”

Babu wanda ya amsa masa.

Sai tsohon malaminmu ya nemi a miƙa masa abin magana. Ya haura tamanin, jikansa ne ya riƙo shi ya kawo shi. Shi ne mai kula da gidanmu a zamaninmu. Ya ce, “'Ya'yana, Alhaji ya yi tambaya mai kyau, wa zai tashe su da asuba. Bari in gaya muku gaskiya tunda na kusa kabari. Mu malamai mu muka miƙa wa firfet bulala, saboda muna so mu yi barci. Ni kaɗai aka ba yara fiye da ɗari biyu. Gidan da aka gina mini a cikin makaranta rufinsa ya yaye, na koma cikin gari, ina tafiya bayan isha'i. Na san abin da ake yi bayan na tafi. Da safe in ga yaro yana ɗingishi in tambaye shi, ya ce faɗuwa ya yi, in karɓa don ya fi mini sauƙi. In kuna son doka ta zauna, ku sa babba ya kwana a inda yaran suke kwana. In ba haka ba shugaban nan zai hana da rana, a ci gaba da dare.”

A nan taron ya juya. Aka daina zancen ko duka yana gyara yaro, aka koma zancen kwano da siminti. Bayan azahar aka kaɗa ƙuri'a ta ɗaga hannu. Maganar kai ƙara ta faɗi. Aka amince a tara kuɗi a gyara gidajen malamai huɗu da ke jikin ɗakunan kwana, a kuma aika wakilai su gana da shugaban makarantar. Tsohon babban sakataren bai ɗaga hannu ba, ya ce har yanzu yana kan bakansa, za mu gani nan da shekara biyar. Amma da aka zagayo da takardar alkawari shi ya fi kowa rubuta adadi mai yawa. Wasu mutum shida ko bakwai suka fice kafin a rufe da addu'a.

Ni ban yi magana a taron ba. Daga zauren na tari Keke zuwa Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi, na bi layin 'yan yadi, inda mai tabon nan yake zama. Ina aji biyar yana aji ɗaya. Na aike shi ɗebo ruwa a wani dare na hunturu irin wannan, ya dawo da rabin bokiti domin an yi masa ƙwace a famfo. Na zare bel na juya kan ƙarfen. Jini ya wanke masa fuska, na ce in an tambaye shi ya ce gado ya buge. Haka ya faɗa.

Na same shi yana auna wa wata mata shadda. Ya yi ƙiba, gemunsa ya fara furfura, tabon yana nan ya raba girar biyu. Yana ganina ya miƙe.

“A'a, Siniya! Yau kai ne a rumfarmu? Yaro, kawo kujera, kawo ruwa.”

Na ce ya daina kirana Siniya, mun girma. Ya ce bakinsa ba zai iya ba. Muka gaisa, muka tambayi iyali. Da matar ta tafi na gaya masa abin da ya kawo ni, na nuna girarsa, na ce na zalunce shi, ya yafe mini don Allah. Ya shafa wurin da yatsa, ya daɗe yana kallon tulin yadin da ke gabansa.

“Na yafe, Siniya, duniya da lahira. 'Ya'yana sun sha tambayata, ina ce musu gado ne.” Ya numfasa. “Ni matsalata ɗaya. Da na shiga aji biyar akwai wani yaro ɗan wajen Birnin Gwari, siriri haka, mai in'ina. Na karya masa yatsa da katakon gado. Na yi cigiyarsa har a Facebook, ban same shi ba. Kai da kake yawon jarida, in na rubuta maka sunansa za ka taya ni nema?”

Ya yago gefen takardar rasit ya rubuta, ya miƙo mini da hannu biyu. Na ninke na sa a aljihun gaba. Aka kira sallar la'asar, ya ja labulen rumfar, muka bi ta cikin layin zuwa masallaci.